Tausayi a lokacin damina

Ina aiki a wata cibiyar kula da yara masu tamowa a jihar Tawa, kuma na sha jin iyaye mata suna cewa ma'aikatan lafiya ba su da tausayi. Maganar tana yi mini ciwo, don na san mutanen da ake nufi, na ga hawayensu. Sai da na koma ƙaro karatu a Yamai na gamu da binciken da ya warware mini ƙullin.

A 1973, John Darley da Daniel Batson sun gwada ɗaliban makarantar horar da limaman coci ta Princeton, a Amurka. Aka ce kowane ya je wani gini ya yi ɗan jawabi. Wasu ma kan labarin Basamariyen nan na Linjila za su yi magana, wanda ya tsaya ya taimaki mutumin da ƴan fashi suka yasar a hanya. Ashe an ajiye musu wani a kan hanya, a durƙushe, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce musu da sauran lokaci, kashi 63 cikin ɗari sun taimaka. Waɗanda aka ce musu sun makara, ana jiran su, kashi 10 kacal. Har an samu mai zuwa wa'azin taimako ya tsallake mutumin ya wuce.

Duk wanda ya yi damina a cibiya irin tamu ya san wannan hali. A Agusta da Satumba rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro ya sauko. Mata na layi tun asuba, wasu daga ƙauye a amalanke, goyo a baya, wani a hannu. Ana zagaya madaurin awo a dantsen yaro, in bai kai milimita 115 ba ya faɗa ja, alamar tamowa mai tsanani, a wuce da shi, na gaba ya matso. Ma'aikaciyar da a watan Janairu take zama ta ce, "Sannu Iya, yaushe ya fara zawo? Ke kin ci wani abu?" ita ce a Satumba ba ta iya ɗaga kai daga rajista. Halinta na nan yadda yake. Layin da ke bayan uwar ne ya cinye mata lokacin tambaya.

Bincike na biyu ya fi taɓa ni, don yarinyar da ke cikinsa maƙwabciyarmu ce. A 2007 Deborah Small, George Loewenstein da Paul Slovic suka ba mutane ƴan daloli, suka nemi su taimaka wa masu fama da yunwa a Afirka. An nuna wa wasu alƙaluman miliyoyin mutane a ƙasashe irin su Malawi da Habasha. Wasu kuma hoton Rokia aka nuna musu, ƴar shekara 7 daga Mali. Rokia ta samu fiye da ninki biyu na abin da masu ganin alƙaluma suka bayar. Da aka haɗa hotonta da alƙaluman, sai kyautar ta ragu. Mu ƴan Nijar ba baƙin wannan ba ne: bayan fari da farin dango na 2004, an yi watanni ana kiran agaji duniya na jan ƙafa, sai da BBC ta nuna fuskokin yaran Maraɗi a Yulin 2005 kuɗi suka fara shigowa sosai.

Abin da ke tsorata ni shi ne mu ma da alƙaluma muke kwana muke tashi: nawa aka karɓa, nawa suka warke, nawa suka rasu. Dole ne a rubuta su, da su ake samo magani. Amma wajen miƙa aiki da safe na roƙi abokan aikina mu riƙa kiran kowane yaro da sunansa da garinsu, mu bar cewa "gado na shida". Wanda ka kira da suna da wuya ka manta ko ya sha madararsa ta dare.

A taron shirin damina kuwa, kafin a zo maganar katan-katan na abincin yara, abin da nake fara nema shi ne ƙarin masu awo da rubutu a bakin ƙofa tun daga Yuli, domin mai duba yaro ta samu damar kallon uwarsa ta saurare ta.