Ɗan Yawuri a ruwan Ikoyi

A Yawuri aka haife ni, gidanmu jifa biyu ne da bakin Kwara. Tun ban kai shekara goma ba nake bin kawuna cikin kwale-kwale mu je ɗaga taru. Don haka ranar da wani abokin cinikina a Obalende ya ce in raka shi tuƙa kayak a Five Cowrie Creek, ruwan da ya raba Ikoyi da Victoria Island, dariya na yi. Yau shekara tara ina Legas, kullum ina hango ruwan nan daga saman gadar Falomo, ban taɓa tunanin akwai mai biyan kuɗi don a ba shi jirgi ya tuƙa kansa ba. A garinmu matuƙi ake biya.

Na je dai. Jirgin na roba ne, siriri, na mutum ɗaya, kana zaune can ƙasa ƙugunka daidai da fuskar ruwa, ƙafafu a miƙe. Filafilinsa baki biyu gare shi, ka tsoma dama ka tsoma hagu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara na arewacin duniya, da fatar dabbar ruwa suke lulluɓe shi su fita farauta. Yaron da ke ba da haya, Bayarabe mai fara'a, ya miƙo mini rigar kariya daga nutsewa. Na ce masa ni ɗan ruwa ne. Ya ce ko kifi ne ni sai na sa, dokar LASWA ce, hukumar jiha mai kula da hanyoyin ruwa. Na sa ina ƙunƙuni.

Fitar farko lafiya lau. Ta biyu ce ta kunyata ni.

Ni kaɗai na je, wata Asabar da hantsi. Yaron ya kalli wayarsa ya ce, "Alhaji, ruwa yana shigowa yanzu. In ka yi gabas kada ka yi nisa, ko kuma ka jira ya juya kafin ka dawo." Na gyaɗa kai kawai. A raina cewa nake yaushe aka haifi wannan da zai koya mini ruwa? Na nufi wajen gadar Lekki da Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, mai dogon ginshiƙi da wayoyin ƙarfe. Jirgi na ta gudu kamar ana tura shi, ni kuwa ina yaba ƙarfin damtsena. Da na juyo sai labari ya sha bamban. In buga filafili goma, in ɗaga kai, in ga har yanzu gini ɗaya nake kallo. In na tsaya shan iska kuwa baya nake komawa. Ga jiragen fasinja masu inji suna wucewa, kowanne ya bar maka igiyar ruwa da in ta same ka a kaikaice sai ta kifar da kai. Dole ka juya hancin jirgi ka tare ta gaba da gaba. Tafiyar da na yi cikin rabin sa'a, sai da dawowarta ta ci mini kusan sa'a biyu ina raɓe da gefe, tafin hannuna duk ya yi bororo.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne, Kwara hanya ɗaya ta sani. In damina ta yi ta cika, in rani ya yi ta ja baya, amma kullum gangarawa take yi. Ruwan Legas kuwa haɗe yake da teku ta mashigin da manyan jirage ke bi zuwa Apapa. Sau biyu a yini da dare teku take turo ruwa ciki, sau biyu take janye abinta, kowane juyi wajen sa'a shida. Lokacin ma ba a tsaye yake ba, kullum yana ƙara jinkiri da kusan minti 50, saboda wata yake bi. Ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Wannan ya ba ni haushin kaina, domin lissafin wata ai namu ne, da shi muke azumi da salla, amma sai a hannun yaron haya na ji cewa da shi ake shiga ruwa.

Damina kuma tana da nata hali. Kogin Ogun yana kwararo ruwan daɗi, gishiri ya ragu, sai ciyawar nan mai shuɗin fure da mu muke haɗa ta da kainuwa ta rufe hanya. Ba 'yar ƙasa ba ce, daga Kudancin Amurka take, a 1984 aka fara ganin ta wajen Badagry. In ka kutsa cikinta da kayak, filafili ba ya samun ruwan kamawa. Da rani gishiri ke kashe ta, amma lokacin ne hazo ke sauka, mai inji ba ya hango ka sai ya zo kanka. Shi ya sa na daina raina jan launi da ruwan ɗorawar da ake yi wa jiragen.

A watan Janairu muka kwana Tarkwa Bay, wani bakin teku da ke gefen mashigin jiragen Legas, mu huɗu. Na so mu tuƙa tun daga gari, jagoranmu ya ce a'a, ba a tsallaka hanyar jiragen dakon kaya da roba. Wannan karon ban yi musu ba. Aka ɗora kayak ɗin a jirgi mai inji, ba mu yi rabin sa'a ba muka sauka. Babu hanyar mota zuwa wurin, kuma dogon shingen duwatsun da aka jera tun zamanin Turawa yana karya ƙarfin teku, shi ya sa ruwan cikinsa yake da sauƙin kai. Muka yi tuƙi har la'asar sakaliya, muka kafa tanti nesa da inda jiƙaƙƙen yashi ya tsaya. Guzurinmu kilishin Agege, burodi, garin kwaki da jarkar ruwan sha, komai a ƙulle cikin leda biyu. Da ruwan teku muka yi alwalar magariba, bakina ya yi ta ɗanɗanon gishiri har isha'i. Sauro kuwa ba a magana, wanda ya manta da man shafawa a cikinmu bai runtsa ba. Can cikin teku fitilun jirage ne jere suna jiran layin shiga tasha, sai ka ce wani gari ne aka gina a kan ruwa.

Da asuba na kira kawu na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To kai yanzu, kifi nawa ka kama?"

Na ce, "Kawu, ba kamun kifi ake zuwa yi ba."

Ya ce, "Ikon Allah. Kuma kai ka biya su?"