Na raka 'yar fari Alkahira

Kwana tara ke nan da dawowarmu, amma in na ji hon ɗin mota da asuba sai in ɗauka har yanzu muna unguwar Madinatu Nasr a Alkahira. Masu zuwa barka da dawowa sun tambaye ni har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta.

'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Shekarunta 29, malamar makaranta ce, kuma da sikila ta zo duniya. Ni AS, mahaifinta AS. A zamaninmu wa ya san gwajin jini kafin aure? Sai a 2024 Kano ta mai da shi doka. Ƙugunta na hagu ne ya kai mu Masar. Ƙwayoyin jinin nan masu lanƙwashewa kamar lauje sun yi ta toshe hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, har ya mutu ya fara burmawa. Likitanta ya ce sai an sa na ƙarfe. Aka sayar da fili, 'yan uwa suka yi karo-karo.

Tun da muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ban runtsa ba. Na san sanyi da ƙishirwa da ƙarancin iska su ne abokan gabar mai sikila, ga su duka a cikin jirgi. Carbi a dama, gorar ruwa a hagu, ina ta cewa sha. Can ta ce, "Umma, in na ƙara kurɓa ɗaya, a banɗaki zan sauka."

Wajen binciken kaya wani jami'i ya zazzage jakar magungunanta a kan tebur, yana ɗaga kwalayen ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga murya kamar ya kama ɓarayi. Ashe Tramadol a ƙasarsu abin ɗauri ne, don haka duk maganin ciwo suna yi masa kallon tuhuma. Gwiwoyina suka yi sanyi, na kama Hasbunallahu. Ita kuwa, tana zaune a keken marasa lafiya, ta zaro takardar likita mai hatimi, ta nuna masa sunan kowane magani da adadinsa. Ya turo mana kayan, ko sannu babu. Ban ma san ta tanadi takardar ba.

Wani yaron unguwarmu da ke karatu a Azhar ne ya samo mana ɗaki a gidan wata tsohuwa. Allah ya saka wa matar nan. Daren farko ta shigo da kwano, ta ce mulukhiyya. Na buɗe, sai ga miyar lalo! Sun dai cika mata tafarnuwa, kuma da shinkafa suke ci, babu tuwo babu daddawa. Karkade ɗinsu zoɓo ne, har goruba suna jiƙawa su sayar a kofi. Burodinsu kusan kyauta, abin da ya sa na tuna kuɗin namu na yi tsaki. Amma fa komai sai bakshish, wato na goro: mai buɗe ƙofa, mai tura keke, mai nuna maka hanyar da ka riga ka sani. A kasuwar Khan Khalili na taya bargo, mai shago ya ce fam 1,500. Na yi masa irin na Kantin Kwari, na juya zan tafi, ya biyo ni har bakin layi, muka daidaita a 600. Tsohuwar ta ce duk da haka ya cuce ni.

Ranar ganin likita na ji kunya. Duk abin da ya tambaya, ni ke amsawa ta bakin tafinta, yadda na saba tun tana goye. Sai ya ajiye biro ya ce, "Ya Hajja, ƙugun waye?" Na yi shiru. Ta jero masa sau nawa aka ƙara mata jini, yaushe ta fara shan maganin Hydroxyurea, wane magani ne ke sa ta ƙaiƙayi. Rabin abin ban taɓa ji ba. Har da wasu kwanciya biyu a asibiti da ta ɓoye min don kada hawan jinina ya tashi. A mota ban yi mata magana ba. Da dare na yi kukana a kan sallaya.

Aka yi mata musayar jini kafin aikin. Awannin da ta yi a ɗakin tiyata, Yasin nake karantawa ina ɓata aya ina komawa farko. Kwana biyu da aikin suka tsayar da ita da sandar tafiya, ni kuwa ina roƙonsu su bar yarinya ta huta. Ba wanda ya kula ni.

Na samu na yi Juma'a ɗaya a Azhar. Dalar Fir'auna na hango ta tagar mota kawai, Nilu ma haka. Sati biyar muka yi.

Yanzu tana ɗakinta, tana takawa da sanda ɗaya. Ita ke magana da likitan ta WhatsApp, ba ta nuna min. Kullum da safe ina tofa Fatiha da Ayatul Kursiyyu a kofin ruwa in ajiye mata. Da shi take haɗiye ƙwayoyinta, sannan ta ce, "Umma, a rufe min ƙofa."