Status ɗina shi ne shagona

Jiya ƙanwar mijina ta zo ta tarar ina ɗaure kwalaben humra za a kai tasha, take ce min Anti wai nawa kike kashewa a talla ne kaya ke fita haka, na ce mata wallahi in ban da kuɗin data ko sisi ba na kashewa, ta ɗauka ɓoye mata nake. To bari na faɗa a nan kowa ya ji.

Na taɓa biyan wata mai mabiya da yawa a Instagram ta ɗora min turaren wuta, hoton ya sha yabo kam, masu tambayar nawa ne sun fi a ƙirga, amma ko mutum ɗaya bai turo kuɗi ba, ranar har ƙwalla na yi don kuɗin adashina ne. Daga nan na dawo WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 ya fito amma har yau mata da yawa da na sani da na gama-gari suke sana'a, alhali wannan yana da wajen jera kaya da hoto da farashi, kwastoma ta shiga ta duba da kanta ko kina barci. Kuma don Allah ku dinga sa farashi, wannan zo inbox ɗin korar mutane yake, mace na jin nauyin ta tambaya ta kasa saya.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, status ɗinki ba ya zuwa wa wadda ba ta ajiye lambarki ba, haka ma saƙon broadcast, wato saƙo ɗaya da kike tura wa mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya amma duk wadda ba ta yi sebin ɗinki ba ba zai isa gare ta ba. Shi ya sa aikina na gaske shi ne a ajiye lambata. Duk biki ko suna da zan je sai na tafi da ƴan ƙananan kwalabe na gwaji da sitika mai lambata a jiki, in miƙa in ce Hajiya ki shafa ki ji, ki sa ni a wayarki yanzu ina tsaye, ni ma in sa ta.

Status awa 24 yake yi ya ɓace, ni bayan isha'i nake ɗorawa lokacin an gama da yara an kwanta da waya, hoto uku ko huɗu kawai, masu zuba arba'in a jere tsallake su ake. Hoton kuwa da safe nake ɗauka bakin taga kan farin mayafi, sai gajeren bidiyo na turaren a kasko hayaƙi na tashi, gajere sosai saboda tunda data ta ƙara tsada a 2025 mutane ba sa buɗe dogo.

Amma abin da ya fi kawo min oda shi ne muryar wadda ta saya, in kaya ya isa Kaduna ko Jos ta turo tana godiya sai in nemi izininta in ɗora, in rufe suna da lamba. Ranar da na ɗora irin wannan wayata ba ta hutawa.

Ƙanwar tawa dai cincin take yi, gobe da safe za ta zo da roba biyu mu ɗauki hoto a bakin tagar nan.