Talata: wa za a gaya wa?

Hazo ya rufe Maradi tun asuba, sanyi har cikin ƙashi. Mai kabu-kabun da ya ɗauko ni daga Ali Ɗan Sofo bai ce uffan ba har ƙofar lakkol, rawani ya naɗe masa baki. Darasin farko ina ajin katriyam, wato aji na uku na sakandare, yara sun cika har bakin allo, rabinsu na tari.

Na kira wata yarinya ta zo ta yi zane a allo. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi lakkol ɗin ba. Ta miƙa hannu sama da alli, hijabi ya zame, hannun riga ya koma baya, sai ga tabo a jere a hannunta, wasu sun warke sun yi fari, wasu sababbi. Na daɗe ina ganin hannun yara a wannan aiki. Na san ƙunar mai ta masu suyar awara, na san sawun bulala, na san tsagar wanzami. Wannan ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Ta ga na gani. Ta ja riga, ta ƙarasa zanen tsaf, ta koma wurinta. Na ci gaba da darasi, bakina na magana, hankalina na kan bencinta.

Lokacin shan iska na samu Madam ta Faransanci a gindin dogon yaro, na ja ta gefe. Tun kafin in gama ta ce ta san wadda nake nufi. A makon jiya ta ba su rubutu a kan abin da suke so su zama, yarinyar ta rubuta layi biyu kacal, na biyun yana cewa ran da ba ta nan kowa zai huta. Madam ta ce ta sa mata alama da jan biro ta rubuta "zo ki same ni", ba ta zo ba. Da muka haɗa abin da kowa ya gani sai ya fi yadda muke zato: makinta ya faɗi tun watan jiya, ta daina zama da ƙawayenta, tana barci a aji.

Magana a gindin dogon yaro ba ta tsayawa tsakanin mutum biyu. Mushe na lissafi, wato malamin lissafi, ya matso, sirbeyan mai kula da ladabin yara ma ya matso. Ba mu ba su suna ba, amma kowa ya kawo nasa. Mushe na lissafi ya ce abin ba shi da wuya, a kira uba yau ɗin nan, a gaya masa, mu fita daga ciki, don in wani abu ya faru gobe mu za a tambaya. Sirbeyan ya ce iskancin waya ne, suna gani a TikTok suna kwaikwayo, a ba shi ita minti biyar. Wani ya ce taɓin iskoki ne, ruƙiyya take so. Madam kuwa, wadda ta girme mu duka a aiki, ta yi shiru har suka gama, sannan ta ce: "Ku kira uban. Jibi ku duba bencinta ku gani in tana nan." Ta ce ta taɓa ganin haka da idonta a wata lakkol. An gaya wa gida da kyakkyawar niyya, gida suka ce boko ne ya lalata ta, kafin damina an ɗaura mata aure.

Ba tsoron banza take ba. Binciken 2012 ya nuna a ƙasar nan ta Nijar kashi 76 cikin 100 na ƴan mata an yi musu aure kafin shekara 18, a jihar Maradi kuma abin ya kai kashi 89. Akwai dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta kare karatun ƴa mace, mun sani, amma takarda tana Yamai, uban yarinya yana gida. Duk da haka ban yarda da inda Madam ta dosa ba, wato mu sa mata ido kawai mu yi shiru. Sa ido na awa nawa? Muna ganinta safiya zuwa azahar. Sauran yini da dare duka ba mu nan. Abin da Mushe na lissafi ya kawo kuma, in an duba, kanmu yake karewa. Ni a ganina sai an faɗa, babu makawa. Aikin yana wurin zaɓen wanda za a gaya wa, da kuma a tabbata yarinyar ba daga bakin wani za ta ji an kai maganarta ba.

Kafin in koma aji na kira ƙawata da ke aikin jinya a wata likita cikin gari. Ta ce abu na farko in tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, in faɗi kalmar, kar in yi kewaye. Na ce ba zan sa mata abin a rai ba? Ta ce a'a, an bincika wannan an sake bincikawa, tambaya ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ta ce yaro na iya ji wa kansa ciwo ba don yana son mutuwa ba, don abin da ke cikinsa ya yi masa yawa ne, amma wanda ke yin haka ya fi sauran shiga haɗari, shi ya sa ba a raina shi. Ta tuna mini lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara a duniya, kuma kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shekara 15 zuwa 29. Mu nan ba a faɗi, sai a ce ciwon dare ɗaya. Ta ƙare da cewa kar in yi mata alkawarin rufe baki.

Da aka tashi na ce ta tsaya ta taya ni ɗaukar kaye zuwa ofis, don kada sauran su lura. Muka zauna a ajin da babu kowa, ni a benci kusa da ita. Na ce na ga hannunta, ba faɗa zan yi ba. Ta ce ƙofar langa-langa ce ta yanke ta. Na ce to. Muka zauna. Can sai ta fara kuka irin wanda ba shi da sauti, ta ce: "Madam, don Allah don Annabi kar ki gaya ma Kawu."

Ashe ba a gidan ubanta take ba. Daga wani ƙauye take wajen Madarunfa, an kawo ta gidan kawunta don ta yi karatu, kamar yadda ake yi wa yaran ƙauye da yawa. Ita ke ɗibar ruwa, ita ke wanke-wanke, da marece ta ɗauki talla, dare ya yi ta kasa buɗe littafi. An ce mata in ta faɗi a bana, ta koma gida, akwai mai jiranta. Na yi mata tambayar, da kalmar, muryata na rawa. Ta ce wani lokaci tana fatan ta kwanta kar ta tashi, amma ba ta shirya komai ba, tana tsoron Allah. Na ce na ji, kuma na gode da ta gaya mini. Ban yi mata wa'azi ba, ta san hukuncin kamar yadda na san shi. Ayar nan ta Suratun Nisa'i da ta hana kashe kai da rahama ta ƙare, wannan ɓangaren kawai na tuna mata.

Na ce: "Ƴata, ba zan ce miki zan riƙe wannan ni kaɗai ba, don ƙarya zan yi. Dole wani babba na gidanku ya sani. Amma ke za ki zaɓa, kuma a gabanki zan faɗa." Ta yi fushi, ta juya mini baya, na bar ta. Daga baya ta ce Yaya. Tana da ya da ke aure a unguwar Zariya, uwa ɗaya uba ɗaya.

Darakta na gaya wa a taƙaice, don ba zan je gidan mutane da sunan lakkol bai sani ba. Ya so a kira kawun, shi ne sunansa ke cikin rajista. Muka ja, ya ce ya ba ni zuwa Juma'a. Na roƙe shi abu ɗaya, ya hana sirbeyan kusantar ta. Ya yarda.

Bayan la'asar muka je Zariya tare. Yayar ba ta wuce shekara ashirin da ƴan kai ba, da goyo a baya, tana tankaɗe. Bayan gaisuwa na ce wa yarinyar ko ita za ta faɗa ko ni. Ta ɗaga hannun riga kawai. Yayar ta ajiye rariya ta ce innalillahi, sannan ta ɗaga hannu kamar za ta mare ta, sai ta kama kanta ta jawo ta jikinta. Ta ce da ni: "Malama, mi za mu yi? In Kawu ya ji, wallahi gobe shina maida ta gida." Na gaya mata abin da ƙawata ta ce: kar a bar ta ita kaɗai kwanakin nan, a kawar da magunguna da maganin ƙwari da duk abin da zai cutar daga inda hannunta zai kai, a kai ta likita a duba ciwon, a kuma haɗa ta da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta ce addu'a fa? Na ce a yi, ba su hana juna. Da mijinta ya dawo ta shiga ta yi masa magana, ya fito ya ce yarinya ta kwana nan, zai kira kawun ya ce matarsa ke buƙatar mai taya ta riƙon jariri.

Na iso gida bayan magariba, tuwo ya huce, takardun ajin sizyam na jirana ban taɓa ko ɗaya ba. Gobe da safe yayar za ta kawo ta likitar ƙawata, zan same su can. Mushe na lissafi ya yarda ya riƙe mini awa biyu na farko, da sharaɗin in karɓi nasa ran Alhamis. Saura maganar kawu. Mijin yayar ya ce shi zai je da kansa ran Alhamis da dare, amma yana so Madam ta Faransanci ta raka shi, don kawun ba zai ɗaga wa dattijuwa murya ba. Ban tambaye ta ba tukuna.