Faifan gem a hannunka ba ya nufin gem ɗin naka ne

Ina da shagon gem a Tudun Wada, Kaduna. Yara na biya su buga ƙwallo, a gefe kuma ina sayar da faifai na gwanjo. Bara wani yaro ya dawo min da faifan wani gem na harbi, fes da shi, ko ƙwarzane babu. Ya ce, "Yaya, ya ƙi tashi." Muka saka, ya yi ta neman saba, wato kwamfutar kamfanin da gem ɗin ke haɗuwa da ita ta intanet, har muka gaji. Ashe kamfanin ya rufe sabar, gem ɗin kuma ba ya motsi sai da ita. Na mayar wa yaron kuɗinsa, ni kuwa ba wanda zan kama.

Da na bi diddigi sai na tarar rigimar ta yi nisa a waje. Kamfanin Ubisoft ya fitar da gem ɗin tseren mota The Crew a 2014, ya kashe sabarsa a ƙarshen Maris 2024, ko tseren mutum ɗaya ya daina tashi. Nan wani ɗan YouTube, Ross Scott, ya kafa gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe gem. Ba su ce kamfani ya riƙe saba har abada ba, cewa suka yi in zai janye, ya bar gem ɗin yadda mai shi zai iya bugawa. Kokensu ga Tarayyar Turai ya haura sa hannu miliyan 1 a Yulin 2025. Na so in sa nawa, sai na ga 'yan ƙasashen Tarayyar kaɗai ake karɓa. Jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, daga 2025 dokarta ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana cewa lasisin bugawa kake saye, ba gem ɗin kansa ba. A ganina wannan gargaɗi ne kawai, bai hana ƙwacen ba.

Mu nan muna da dokar kare mai saye ta 2018 da hukumar FCCPC mai aiwatar da ita. Amma yaron Tudun Wada ba kamfanin ƙetare zai nema ba, ƙofar shagona ya sani.

Shi ya sa yanzu kafin in karɓi faifai a hannun dillali sai na karanta bayan kwalin. In an rubuta sai da intanet, na ajiye. Sauran kuma in cire na'urar daga intanet gaba ɗaya in gwada a gabansa. Wanda ya tashi in biya. Wanda ya tsaya neman saba, ko kyauta ce ba na ɗauka.