Tsohuwar kwamfutar shagonmu da abin da ta koya min

Ƙannena masu shiga aikin shago a Jidda ko Makka, in kun tarar da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur ta sha ƙura, maigida ya ce kar a taɓa ta, to ku zauna ku ji nawa labarin tukun.

A 2016 na fara aiki a wani shagon sarin turare da yadi wajen Bab Makka a Jidda. Lissafin shagon kaf yana cikin wata manhaja da aka rubuta da Visual FoxPro, tana zaune kan Windows XP. Wanda ya rubuta ta ya daɗe da komawa ƙasarsu, bai bar asalin rubutun manhajar ba, lambar wayarsa ma ta daina shiga. Microsoft ta janye hannu daga XP tun Afrilun 2014, FoxPro ɗin ma aka daina kula da shi a 2015, amma maigidanmu Baba Alhaji cewa yake ai tunda tana fitar da fatura lafiyarta ƙalau. Kuma gaskiya a cikinta dukiyar take, don 'yan kasuwarmu na Kano da Yamai in sun zo Umara su ɗebi kaya, wani sai Hajji zai biya, wani sai azumin baɗi, duk ita ke riƙe da wa ya ci bashin nawa.

Ni kuma lokacin ina ji da kaina, wai na iya kwamfuta. Duk Alhamis sai in sa falash in kwashi fayilolin da suka ƙare da .dbf, don na ji an ce su ne rumbun bayanan, sauran ƙananan da ke cikin foldar na ɗauka tarkace ne. Shekara biyu ina wannan aikin ina jin daɗi, ban taɓa ko sau ɗaya buɗe kwafin a wata kwamfuta na ga ko yana tashi ba. Ranar da faifan ajiyar ya fara wani ƙas-ƙas ya mutu, na zaro falash ina murmushi na ce Baba kwantar da hankalinka. Muka zuba a wata kwamfutar, jadawalin masu bashi ya ƙi buɗuwa sam. Ashe kowane .dbf mai dogon bayani yana da ɗan'uwa .fpt, a nan ake ajiye rubutu irin "ya ba da rabi ta hannun ƙaninsa, saura bayan Sallah", sannan ga .cdx mai jera sunaye don a samu mutum da sauri. Shi .cdx ana iya sake gina shi. Amma .fpt in ya tafi ya tafi kenan.

Baba Alhaji bai min faɗa ba wallahi, kallona kawai ya yi ya ce "to yaro, yanzu wa zan ce wa ya biya?" Da ma zagina ya yi. Wani mai gyara ne ya ceto mafi yawan abin daga mataccen faifan, sauran muka yi sati uku muna bin tsofaffin fatura na takarda da saƙonnin murya na WhatsApp, akwai mutum biyu da har yau maganarsu kawai muka ɗauka.

Don haka ku kwashi foldar gaba ɗayanta, kuma sai an rufe manhajar kowa ya fita. Ku yi kwafi biyu, ɗaya ya kwana a gida, duk wanda ya ga ambaliyar Jidda ta 2009 ya san dalili. Sannan duk wata ku ɗauki kwafin ku tayar da shi a wata na'ura, ku nemi sunan mutum ɗaya ku ga bashinsa ya fito daidai.

Akwai kuma wani umarni PACK, na taɓa danna shi wai ina rage nauyi. A FoxPro in ka goge layi alama kawai ake sa masa, yana nan ana iya dawo da shi, PACK ne ke share shi har abada. Kar ku kusance shi sai da sabon kwafi a hannu.

Abin da ya kashe manhajar a ƙarshe ba lalacewa ba ce, doka ce. An fara harajin VAT a Saudiyya a Janairun 2018 kashi 5, wani ya yi mana dabara ya liƙa shi ciki, sai a Yulin 2020 ya koma kashi 15, muka koma kalkuleta. Da ZATCA, hukumar harajin Saudiyya, ta wajabta fatura ta lantarki mai lambar QR daga 4 ga Disamba 2021, dole muka sayi sabuwa. A nan na sake tafka wani, na bari sai saura kwana goma na fara fitar da bayanan. Sunayen Larabci duk suka fito kamar rubutun aljanu, saboda tsohuwar da tsarin Windows-1256 take rubutu, sabuwar kuma UTF-8 take so, sai an juya. Excel ya cinye sifilin farkon lambobin waya, 05 ta koma 5. Dogon bayanin nan na .fpt ma bai biyo fayil ɗin CSV da muka zuba bayanan a ciki ba, sai da muka fitar da shi daban. Da na fara tun wata shida, duk wannan da sannu zan gano shi ba da gumi ba. Ku fitar da naku yanzu tun tana numfashi, ku haɗa jimillar bashi a tsohuwar da sabuwar, in riyal ɗaya ya bambanta ku tsaya ku nemo shi.

Tsohuwar ba mu yar da ita ba, don doka na son a ajiye takardun haraji aƙalla shekara shida, kuma mutane na dawowa da tsohuwar magana. Na ɗauki kwafin XP ɗin dukansa na sa a VirtualBox, manhajar da ke tayar da kwamfuta a cikin wata kwamfutar, na cire masa intanet kwata-kwata, ba a rubuta komai ciki sai dubawa. Azumin da ya wuce wani dattijo ya shigo ya ce ana binsa kuɗin yadi tun 2017 yana so ya sauke nauyi, na kunna ta, ta ɗan yi jinkirinta da ta saba, sunansa ya fito, riyal 1,340.