Abin da na koya wajen duba masu kitse a hanta

A sashen masu ciwon hanta inda nake aiki, da wuya a wuni ba a ga wanda ya shigo da takardar sikanin a hannu, hankali a tashe, an rubuta masa cewa kitse ya taru a hantarsa ba. Yawanci masu ƙiba ne ko masu ciwon suga, da yawansu ko ɗanɗana giya ba su taɓa yi ba. Tambayar ɗaya ce: "Likita, yaya zan yi da kitsen nan?"

Aiki ya koya mini cewa ba yawan kitsen ne abin fara dubawa ba. Abin da ke kai mutum ga kumburin ciki da aman jini shi ne tabon da ke taruwa sannu a hankali har hanta ta taurare, ana kuma ƙirga shi daga mataki na 0 zuwa na 4. Sikanin da aka saba yi yana ganin kitse idan ya yi yawa, amma ba ya faɗin matakin tabo. Mutum na iya kai mataki na 3 alhali gwajin ALT ɗinsa, wato gwajin jini da ke nuna ko hanta ta ji rauni, lafiya lau.

A da, don a san matakin tabo, sai an soka allura tsakanin haƙarƙari an gutsuro tsokar hanta. Ga zafi, ga haɗarin zubar jini, abin da ake cirowa kuma kusan kashi 1 ne cikin 50,000 na hantar.

Yanzu da lissafin FIB-4 nake farawa, wanda aka fito da shi a 2006. Abu huɗu yake bukata: shekarun mutum, AST (shi ma gwajin jini ne na hanta), ALT da yawan filatilet, ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Sau tari duk suna cikin takardun da majiyyaci ya zo da su a leda, ba wanda ya haɗa su, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Idan sakamako bai kai 1.3 ba, da wuya a sami tabo mai tsanani, sai mu koma maganar rage ƙiba da kula da suga. Idan ya haura 2.67, ba a wasa da shi. Na tsakiya su ne nake turawa FibroScan, na'urar da ke auna taurin hanta: mutum ya yi awa 3 bai ci komai ba, ya kwanta rigingine, hannun dama a bayan kai, a ɗora masa kan na'urar a gefen haƙarƙari, ya ji ɗan bugu kamar an ƙyasta masa yatsa. Sai an sami awo 10 masu kyau kafin a yarda da lambar taurin. Matsalar ita ce na'urar ba ko'ina take ba, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin mutane da yawa.

Amma lissafin bai san inda muke zaune ba. Zazzaɓin cizon sauro yana zubar da filatilet, yakan kuma ɗaga AST, don haka wanda aka ɗebi jininsa da damina yana cikin zazzaɓi zai iya fitowa da lamba mai ban tsoro, hantarsa kuwa ba tabo. Irin wannan sai ya warke nake sa a sake gwajin. Kuma ba na barin mai kitse a hanta ya fita ban nemi gwajin ciwon hanta nau'in B ba, domin a ƙasar nan yana da yawa, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ɗauke da shi da lissafin APRI ɗinsa (wani lissafin tabo ne irin FIB-4, da AST da filatilet ake yin sa) ya haura 0.5 ya cancanci a fara masa magani.